Ƙara Daban, Sauti Daban



Idan aka ambaci kiɗan Turawa da ake kira rok, ko ƙanensa mai zafin kai da ake kira metal, abin da ke fara zuwa zuciyar dattijon Bahaushe shi ne hayaniya: samari masu dogon gashi suna dukan jita da ganguna kamar za su yaye rufin ɗaki. Ba mu zo don mu sa kowa ya so wannan kiɗa ba, kuma hukuncin kiɗa da waƙa magana ce ta malamai, mun bar musu ita. Abin da ya kawo mu shi ne wata sana'a da ke bayan kiɗan, wato sana'ar ɗaukar sauti. A ganinmu, fayafayan rok da metal da aka ɗauka da kyau makaranta ce ta kunne. Darasin da suke koyarwa kuwa, cewa ƙara daban sauti daban, darasi ne da muke matuƙar bukata a unguwanninmu a yau.

A ƙasashe da dama akwai masu sha'awar tsabtar sauti, waɗanda kan zauna su saurari faifai daga farko har ƙarshe kamar yadda ɗalibi ke zama gaban littafi. Idan ɗayansu zai sayi lasifika, yakan tafi kanti da faifan da ya sani ciki da waje, ya sa a kunna, ya kasa kunne. Cikin fayafayan da ake wannan gwaji da su akwai na rok da metal da yawa, domin kiɗa ne mai wuyar ɗauka ƙwarai. Ga ganguna, ga farantan tagulla da ake bugawa, ga jita biyu da aka ƙure wa murya, ga jita mai kaurin amo da ake kira bas, ga kuma mawaƙi yana ɗaga murya a kansu duka. Injiniyan da ya tattara waɗannan a faifai ɗaya, har kunne ya iya bin kowanne shi kaɗai, ya yi kamar wanda ya tsamo muryar kowane mai talla a tsakiyar kasuwa ranar da ta ci.

Mu fara da kundin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1973. An ɗauke shi a sutudiyon Abbey Road da ke Landan, a kan kaset mai layi 16, ƙarƙashin kulawar injiniya Alan Parsons. Kundin yana buɗewa ne da amo irin na bugun zuciya, a hankali, har sai mai sauraro ya nutsu kafin ya ji shi. Can gaba kuma sai agogai su ɓarke da ƙara a lokaci guda, agogan da Parsons ya ɗauko sautinsu a wani kantin tsofaffin kaya. Abin da ke sa mutum ya zabura a wurin shi ne shirun da ya gabace su. Wannan tazara da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi ita ce ran faifai. Da an ɗaga bugun zuciyar ya yi daidai da agogan, da duka biyun sun mutu.

Bayan tazara, sai fili. A 1971, lokacin da Led Zeppelin ke aikin kundinsu na huɗu a wani tsohon gida da ake kira Headley Grange a Ingila, injiniya Andy Johns ya sa aka girke gangunan John Bonham a zauren da matattakalar bene take, ya rataye makirufo biyu a can sama, daga baya ya ƙara wa sautin amsa-kuwwa da na'ura. Wanda ya saurari waƙar When the Levee Breaks zai ji girman zauren kansa a cikin kowane bugu, tamkar yana tsaye a ƙofarsa. Haka nan kundin Back in Black na AC/DC, wanda aka ɗauka a Nassau ta ƙasar Bahamas a 1980, watanni kaɗan bayan rasuwar mawaƙinsu Bon Scott. An buɗe shi da ƙararrawar tagulla da aka ƙera musamman a Ingila, ana jin amonta yana tafiya har ya dusashe. Jitar 'yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, an raba musu wuri, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a na dama, kuma tsakanin bugu da bugu akwai sarari. Furodusan kundin, Mutt Lange, ya gane cewa naushi ba ya shiga sai hannu ya ja da baya.

Shi kuwa metal, a garin masana'antu na Birmingham ya tashi. Kundin farko na Black Sabbath, wanda ya fito a 1970, kusan a yini ɗaya aka ɗauke shi, makaɗan suna bugawa tare a ɗaki guda, kuma har yau ana jin nauyinsa. Wannan ya nuna cewa ba lallai sai da dukiya mai yawa ake samun ɗauka mai rai ba. Amma misalin da ya fi fito da maganar fili shi ne na ƙungiyar Metallica ta Amurka. A kundinsu na 1988 mai suna ...And Justice for All, an danne jitar bas har da ƙyar ake jin ta, sautin ya fito a bushe kamar tuwo babu miya. Shekara biyu bayan haka, a 1990, suka ɗauko furodusa Bob Rock, suka shafe watanni a Los Angeles suna aikin kundin da ake yi wa laƙabi da Baƙin Kundi. A nan ganga ta sami ƙirji, bas ta sami wurin zama, murya ta fito sarari. Makaɗa huɗun nan ne dai ba su canza ba, kunnen da ya jagoranci ɗaukar ne ya canza.

To, da kayan aiki suka ƙara inganci, sai a zaci sauti zai yi ta ƙara kyau. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma yana iya ɗaukar tazarar da ta kai kimanin desibel 96 tsakanin raɗa da tsawa. Kundin Brothers in Arms na Dire Straits, na 1985, ya nuna wa duniya abin da wannan faifai zai iya, har ya zama na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a CD. Sai dai kunnen ɗan Adam yana da rauni guda: idan aka kunna masa waƙa biyu a jere na ɗan lokaci, yakan ɗauka wadda ta fi ƙara ita ta fi daɗi. Kamfanoni suka gane haka, kowa na son tasa waƙar ta danne ta maƙwabcinsa a rediyo. Shi kuma faifai kamar mudu yake, yana da baki. Idan ya cika, ba yadda za a ƙara sai an danna. Sai injiniyoyi suka shiga ɗaga wuraren sanyi suna aske kan wuraren ƙarfi, har waƙa ta zama shafe ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wannan shi ne abin da masana harkar ke kira yaƙin ƙara.

Metallica ɗin nan dai su ne suka zama abin misali a wannan yaƙi. Kundinsu na 2008, Death Magnetic, an matse shi har ganguna suna tsatstsagewa a lasifika. Ana nan sai masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan kwamfuta na Guitar Hero ba a yi musu wannan matsi ba, kuma sun fi na faifan da suka saya daɗin ji. Dubbai suka sa hannu a takardar koke. Ƙungiyar Rush ta Kanada ma ta faɗa wannan rami da kundin Vapor Trails na 2002, har ta sa aka sake haɗa sautinsa aka fitar a 2013. A yau dandalin sauraro irin su Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, saboda haka wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, an sauke ta ta yi daidai da saura, ya rasa ƙarar ya kuma rasa tazarar. An yi ba a yi ba.

Yanzu mu dawo gida. Yaƙin ƙara da aka yi a sutudiyon Turai da Amurka, mu muna yin irinsa kowane ƙarshen mako a bakin titi. A wurin biki ko suna, mai kayan sauti yakan murɗa na'ura har lasifika ta fara gurnani, domin a san bikin gidan wane ya fi na gidan wane. Maroƙi na magana ba a gane abin da yake faɗa, kalangu na bugawa ba a bambance shi da gwangwani. Wannan kuwa asara ce babba ga mai harshe irin namu. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da kukar miya. Kalangu magana yake yi da wannan hawa da sauka, yana kiran sunan mutum da kirarinsa. Idan ƙara ta tsattsage sautin, an toshe wa kalangu baki. Yaranmu da ke tasowa cikin Turanci da Twi da sauran harsunan maƙwabta, waɗanda Hausarsu ta riga ta fara laushi, su ne suka fi cutuwa, domin a irin waɗannan taruka ne ya kamata kunnensu ya sha harshen da kyau.

Kada kuma a ce wannan sana'a ta Turawa ce kaɗai. Teddy Osei, ɗan Kumasi, shi da abokansa suka kafa Osibisa a Landan a 1969, kuma kundinsu na farko na 1971, wanda Tony Visconti ya jagoranci ɗaukarsa, ya zaunar da gangunan ƙasar nan gefe da gefe da jitar rok ba tare da ɗaya ta haɗiye ɗaya ba. Mdou Moctar na Nijar ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin ajiya. Wanda ya gwada waɗancan da kundinsa Afrique Victime na 2021 zai ji abin da ɗauka mai kyau ke yi wa gwani. Bombino na Agadas ma, kundinsa Nomad na 2013 da aka ɗauka a Nashville ya kai jitarsa kunnuwan da ba su taɓa jin sunan garinsa ba.

Mun san za a ce mana wannan sha'awa ce ta masu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, domin cikin masu wannan harka akwai masu zubar da dukiya a kan wayar haɗi da kwalliyar na'ura, abin da kunne ba zai taɓa tantancewa ba. Amma jin bambanci tsakanin Baƙin Kundi da Death Magnetic ba ya bukatar fiye da abin sawa a kunne mai matsakaicin farashi da ɗaki marar hayaniya. Za a kuma ce kyawun ɗauka ba ya mai da waƙar banza ta zama ta kirki, kuma tsohon kaset na Shata ko Ɗan Maraya, duk da shuuu ɗin da yake yi, ya fi mana dubun fayafayan Landan. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Wannan ma shi ne abin baƙin cikin. Yawancin abin da ke hannunmu na waɗannan gwanaye kwafin kwafi ne, daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa MP3 mai nauyin kilobit 128, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na abin da CD ke ɗauka ba. Jikan Bature zai ji zauren da Bonham ya buga ganga a cikinsa fiye da shekara hamsin da suka wuce, namu jikan kuwa inuwar kuntigi zai gada.

Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ta ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Waƙar da aka matse tana gajiyar da kunne domin ba ta ba shi hutu, lasifikar da ke gurnani kuma takan sa a ƙara murɗawa da zaton za a ji sosai. Jariri a bayan uwarsa a gaban lasifikar biki ba shi da bakin da zai ce a rage.

Saboda haka roƙonmu uku ne. Ga matasanmu masu sutudiyo a Nima da zangon Kumasi da Tamale, ko waƙa kuke ɗauka, ko hira da tsofaffi, ko tarihin zuriya, ku nemi ɗaya daga fayafayan da muka ambata ku saurare shi a matsayin ɗalibai, ku lura da inda aka bar shiru, ku kuma adana asalin abin da kuka ɗauka kafin ku matse shi don aikawa ta waya. Ga masu kayan sauti na haya, ku tsaya a inda muryar mai magana take fita tar, domin daga nan duk abin da aka ƙara ɓarna ce. Ga iyayen biki da shugabannin unguwa kuma, ku riƙa sa baki, ku daina auna darajar taro da nisan da ƙararsa ta kai.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin ta cikinsa ne labarin waɗanda ba mu gani ba yake iso mana. Haƙƙi ne a kanmu mu kiyaye shi, mu kuma bar wa na baya sautin da za su iya ji su gane. Allah ya sa mu dace.