Jarrabawar Shiga Aikin Gwamnati: Wane Labari Matasan Zango Suke Bi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk lokacin da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnati, wato OHCS, ya buɗe ƙofar ɗaukar waɗanda suka gama jami'a, wayoyin matasanmu a Nima da Maamobi kan cika da tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu. Wannan ya tura wa wancan, a haddace, a shiga jarrabawa. In sakamako bai yi kyau ba, sai a ce dama ba a ɗaukar ɗan Zango sai yana da wani babba a sama. Ba mu ce babu son kai a ƙasar nan ba. Amma akwai gyaran da ke hannunmu, kuma shi ne yadda muke shirya wa tambayoyin al'amuran yau da kullum, ko a rubuce ko a ganawar baki.

Matsalar hadda ita ce amsar kan tsufa kafin takardar ta tsufa. Takardar da aka buga kafin ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Disamba 2018 za ta ce jihohin Ghana 10 ne, alhali yanzu 16 ne, bayan an ƙara Oti, Ahafo, Bono ta Gabas, Savannah, Arewa maso Gabas da Western North. Wadda aka buga kafin zaɓen 7 ga Disamba 2024 za ta ce kujerun majalisa 275 ne, alhali da mazaɓar Guan sun zama 276. A Janairun 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya rage ma'aikatu daga 30 zuwa 23. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara karɓa a Mayun 2022 an soke shi a Afrilun 2025. Hatta ranakun hutu sun canza a 2025: an maido da 1 ga Yuli a matsayin Ranar Jamhuriya, an kuma ƙara rana ɗaya bayan Ƙaramar Sallah. Wanda ya dogara da tsohuwar takarda zai faɗi irin waɗannan, yana kuwa ganin ya yi karatu.

Abin lura shi ne matasanmu ba jahilan labarai ba ne. Je ka zauna a kowane bes da yamma, ana shan ataya, ka ji yadda ake warware rikicin Gaza, siyasar Najeriya da cinikin 'yan ƙwallo a Ingila. Ga sashen Hausa na rediyoyin ƙetare da iyayenmu suka raine mu da shi. Sai dai wannan sani yakan tsallake gida. Wanda zai lissafa maka ministocin wata ƙasa, tambaye shi bambancin aikin OHCS da na Hukumar Kula da Ayyukan Gwamnati da sashe na 194 na tsarin mulkin 1992 ya kafa, sai ya yi shiru. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa yana neman wanda ya san yadda gwamnatin da zai yi wa aiki take tafiya: wa ke yin doka, wa ke zartarwa, daga ina kuɗi ke shigowa, wa ke bin diddiginsu.

Ga kuma wata dukiya da muke takawa ba mu sani ba. Manyan batutuwan da ake tambaya, da yawansu a ƙofar gidanmu suke faruwa. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya tashi a Accra. 'Yan albasa da aka tashe su daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 sun san wannan fiye da kowane malamin jami'a. Ɗansu da ke neman aiki, abin da ya rage masa shi ne ya ɗaura wa labarin kwanan wata da sunan hukuma: cewa ficewar Mali, Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a nan Accra take.

Haka batun tattalin arziki. Uwar da ke sayar da wake da shinkafa a Maamobi ba ta manta da ƙarshen 2022 ba, lokacin da kuɗin buhu ke canzawa kusan kullum. A takarda, wannan shi ne hauhawar farashin da ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban 2022, watan da Ghana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje. Daga nan aka yi wa masu bin gwamnati bashi a cikin gida sabon tsarin biya, sannan Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023. Wanda ya fahimci yadda ɗaya ya haifi ɗaya, ko an juya masa tambayar zai amsa. Mai hadda, da an canza kalma ɗaya ya ɓata.

Me ya sa wannan ya shafi masallatai, ba masu neman aikin kaɗai ba? Mu tuna da Ma'aikatar Raya Zango da aka kafa a 2017. Mun yi murna, amma a 2021 aka rushe ta, aka bar Asusun Raya Zango da dokar 2017 ta kafa. Darasin a fili yake: minista kan zo ya tafi, ma'aikata kan buɗe a rufe ta, amma jami'in da ke tsara kasafi da rubuta wa minista shawara yana nan shekara da shekaru. Idan ana maganar magudanar ruwan Nima ko makarantun Islamiyya a teburin da babu wanda ya taɓa kwana a Zango, ba za mu yi mamakin abin da zai fito ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutum miliyan 30.8. Tsarin mulki, a sashe na 35, ya yi maganar daidaito tsakanin jihohi da tsakanin maza da mata wajen ɗaukar aiki, amma bai ware wa Zango gurbi ba. Ƙofarmu ita ce cancanta.

Shirin kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibi ya ajiye littafi guda, kullum ya rubuta labarin gida uku daga Daily Graphic, Ghanaian Times ko labaran GBC, kowanne da kwanan wata, hukumar da abin ya shafa, da dalilin faruwarsa. Ya karanta jawabin shugaban ƙasa kan halin da ƙasa ke ciki, da kasafin kuɗin da aka saba gabatarwa a Nuwamba, da bitarsa ta Yuli. Ya riƙe kundin tsarin mulki kusa. Tunda da Turanci ake jarrabawar, a tattauna labarin da Hausa don ya zauna a kai, sannan a rubuta shi da Turanci don hannu ya saba. Wanda yake hidimar ƙasa yanzu, yanzu ne lokacin farawa, ba ranar da aka fitar da sanarwa ba.

Muna kira ga kwamitocin masallatai su ware awa ɗaya a mako, ko da bayan La'asar ɗin Asabar ne, su gayyato 'ya'yan unguwa da ke aikin gwamnati ko suka yi ritaya su zauna da ƙannensu, maza da mata. Iyaye kuma su kiyayi masu cewa a kawo kuɗi a sa sunan yaro. Cin hanci haramun ne, kuma sau da yawa kuɗin kan tafi, aikin bai zo ba.

Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da amana da sanin aiki ya riƙe taskokin Masar. Mun daɗe muna koya wa 'ya'yanmu amana. Saura mu tsaya musu a kan sanin.

Allah Ya ba matasanmu nasara, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.