Kafin a Ƙawata Jif, a Kula da Injinta

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin N460 zuwa sama da N1,500 a farkon 2024, sayo wata motar ya gagari 'yan kasuwa da dama. Saboda haka ƙaramar jif ɗin da ke hannu, Toyota RAV4 ce ko Honda CR-V, ta zama jarin da ya wajaba a tattala.

Abin takaici shi ne inda kuɗin ke tafiya. Mai mota zai biya kuɗin baƙin gilashi da manyan fitilu ba tare da ciniki ba, amma ranar juye sai ya yarda a zuba masa baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da kamfani ya tsara wa 5W-30 ko 0W-20. Wani makaniken ma har cire na'urar daidaita zafin inji yake yi, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ke jinkirin ɗumama ya fi shan fetur, ga kuma tallafi an janye tun 2023.

Tsohon injin da za a nemo a Ladipo ta Legas ko Panteka ta Kaduna, da Dala aka shigo da shi. Littafin motar ya fayyace man da ya dace, sai a nuna wa makanike shafin kafin ya kwance komai.