Ina Iyakar Horo, Ina Mafarin Rauni?

Mutane da yawa suna zaton sai jini ya zuba sannan hukuma za ta ce an yi wa mutum rauni. Ba haka ba ne. Dokar Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960, ta bayyana a sashe na 240 cewa duk wanda ya jawo wa wani zafin jiki, ko cuta, ko nakasa, ya yi masa rauni. Ke nan mari ma yana iya kai mutum gaban alƙali.

Sashe na 241 kuwa ya lissafa mummunan rauni: dandaƙa, makantar da ido, kurmantar da kunne, raba mutum da wata gaɓa, ɓata fuska har abada, karya ƙashi ko haƙori, da duk raunin da zai sa rai cikin haɗari, ko ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Don haka takardar likita babbar shaida ce, wanda aka yi wa rauni kada ya yi sakaci da ita.

Abin da ya dame mu shi ne sashe na 55. Ya ba uba da malamin makaranta da maigida, har da miji a wasu aure na al'ada, damar yin horo muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Ashe idan ɗalibi ya kwanta kwana 19 saboda bulala, mai dukan yana da ƙofar kare kansa. Gaskiya ne ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Dokar Tarayya ta hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ga wanda ya ji wa wani rauni da gangan. A ganinmu wannan ita ce hanya.

Saboda haka muna kira ga Majalisun Dokokin jihohin da ba su taɓa sashe na 55 ba tukuna da su gyara shi. Ma'aikatun Ilmi kuma su aika wa shugabannin makarantu da umurni a rubuce kan iyakar horo. Jikin ɗan Adam amana ne, wajibi ne doka ta tsare shi.