Kaboyin Tekzas da Mahayan Maradi

Wanda ya tashi a Maradi zamanin da gidajen silima ke cika ya san fim ɗin kaboyi. Sai dai harbi da sukuwa sun ɗauke hankalin 'yan kallo daga wani abu: da dama cikin jaruman nan sojoji ne da aka ci da yaƙi. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 bayan ya lashe rayuka sama da 600,000. A The Searchers na 1956, John Wayne ya koma Tekzas shekara uku bayan an watse, da tsohuwar rigarsa ta sojan Kudu. A The Outlaw Josey Wales na 1976, Clint Eastwood ya ƙi miƙa wuya aka bi shi da farauta.

To, wane gari ne ya fi Maradi irin wannan labari? Sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafu a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 aka gwabza da masu jihadi a Gawakuke, Sarkin Maradi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri. Bayansu Ɗan Baskore ya yi shekaru yana kai hari kudu. Dawaki suna nan, lifidi yana nan, makaɗan fada ba su manta kirari ba, fili kuwa ga shi shimfiɗe daga Jiratawa har Tsibiri.

Me ya rage? Masu hannu da shuni. Kuɗi ne babu, a garin Alhazai? Masu hannu da shuni za su loda tirela goma ta shinkafa ba gardama, amma a ce musu fim, sai su ce wasan yara ne. Masu hannu da shunin nan suna ji suna gani gidajen silima suka mutu, yanzu kuma su ne kan gaba wajen kukan yara sun lalace da kallon waya. Me aka ajiye musu da za su kalla?

Kuma ba a ce abin ya gagara ba. Tun 1966 Moustapha Alassane ya ɗora samarin Nijar kan dawaki, da malafa da bindiga, a Le Retour d'un aventurier, har da Zalika Souley. Shi ba attajiri ba ne. Attajiran Maradi fa, yaushe za su biya kuɗin kyamarar da za ta ɗauki Gawakuke?