A Shata Hurumin Gari Tun Gini Bai Cim Masa Ba

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga birnin Kano, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya wuce Gwarzo har ya dangana da Dayi a Jihar Katsina, ba zai kasa lura da yadda gonakin bakin hanya suke komawa fulotai ba. Inda a da ake ganin dawa da gyaɗa, yanzu turaku ne da harsashin bulo. Wannan alama ce ta bunƙasa, kuma ba wanda zai yi baƙin ciki don talaka ya sami inda zai kafa gida. Abin tsoro shi ne igiyar awo ba ta bambanta gonar mutum da filin jama'a sai an sami mai nuna mata iyaka. Saboda haka lokaci ya yi da Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo za su haɗa kai da masu gidaje, su shata filayen jama'a, su rubuta su a takarda tun gini bai cim musu ba.

Filayen da ake nufi ba ɓoyayyu ba ne. Su ne filin idi, da dandalin unguwa, da filin wasan makarantar firamare, da makabarta da wurin faɗaɗa ta, da kududdufi, da mashayar dabbobi, da burtalin da shanu ke bi, da kuma hurumin da ke kewaye da gari. Kowanne da aikinsa. A dandali ake taron biki da zaman makoki, can ake shanya amfanin gona, can yara suke wasa maimakon tsakiyar titi. Kududdufi kuwa, wanda asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, shi yake karɓar ruwan damina. In aka cike shi aka yi gini, ruwan zai nemi hanya, kuma yawanci cikin gidajen maƙwabta yake samunta. Burtali in ya toshe, shanu gona za su faɗa, abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani.

Keɓe fili don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar hurumi kanta daga Larabci ta fito, ma'anarta kewayen gari ko na rijiya wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba, domin jama'a suna kiwo a ciki, suna itace, suna ɗibar ruwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukuncin irin wannan ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi tun farkon ƙarni na 19. A zamanin En'e, dagaci da masu unguwanni da dattawan gari su ne kundin rajista: sun san cewa daga tsamiyar nan zuwa kukar can ba na kowa ba ne. Wannan tsari ya yi aiki lokacin da ƙasa take da yalwa, fili kuma ba shi da tsada. Amma dattijo yana rasuwa da saninsa, ita kuma tsamiya ana sare ta. Ƙidayar 2006 ta nuna Gwarzo tana da mutum fiye da 180,000, Kabo kuma fiye da 150,000, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Iyakar da ba a rubuce take ba ba za ta iya jure wannan matsi ba.

Ba a cika rasa filin jama'a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan yake tafiya. Maƙwabci zai matso da dangarsa taku biyu, ba wanda ya ce uffan. Baɗi danga ta zama katanga. Wani zai fara zuba shara a bakin kududdufi, in wurin ya taurara ya kafa turken awaki, daga nan sai ɗaki. Magada za su raba gona su sayar, dillali ya yi awon igiya, ya yanka ko'ina har da hanyar da mutane suka saba bi zuwa rafi. Wani lokaci kuma hukuma ce da kanta za ta ba da izinin kafa rumfunan wucin gadi a gefen fili don samun kuɗin shiga, bayan 'yan shekaru rumfuna su zama kantunan siminti, masu su kuma su fito da takardu. A duk waɗannan hanyoyi akwai mai gida a ciki, ko shi ne ya ci, ko shi ne ya gani ya yi shiru.

Abin da ya faru a birnin Kano ya isa wa'azi. An yi shekaru ana yanka jikin ganuwa, ana cike kududdufai, ana gine-gine a kewayen Filin Idi na Ƙofar Mata, da Filin Sukuwa, da Sansanin Alhazai. A watan Yuni na 2023 sabuwar Gwamnatin Jiha ta rushe da yawa daga cikin waɗannan gine-gine, bisa hujjar cewa a kan filayen jama'a aka yi su. Masu kantunan Filin Idi suka garzaya kotu, a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke a biya su diyyar Naira miliyan dubu 30, kafin daga bisani a daidaita a kan Naira miliyan dubu 3. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya a wannan taƙaddama, abu ɗaya a fili yake: 'yan kasuwa sun yi asara, baitulmalin jama'a ya yi asara, an kuma bar gaba a zukata. Kuɗin kafa duwatsun iyaka tun farko bai kai ko kusa da wannan ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙaramar Hukuma ba za ta ce ba ta da iko ba. Dokar Amfani da Ƙasa wadda Gwamnatin Soja ta kafa ran 29 ga Maris, 1978, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a. Ta bar masa ikon wuraren da aka ayyana su a matsayin birane, sauran wurare kuwa ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, da ikon karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyyar abin da aka yi a kansa. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace Ƙaramar Hukuma. Daɗin daɗawa, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da lambuna, da wuraren shaƙatawa, da filayen jama'a, da makabartu cikin ayyukan Ƙananan Hukumomi. A ran 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Doka dai ta ba da dama, aiki da ita ne ya rage.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sashen filaye na Ƙaramar Hukuma ba shi da ma'aikatan da za su kwana suna gadin kowane dandali daga Getso zuwa Kutama, ko daga Garo zuwa Gude. Wanda ƙofar gidansa ke kallon fili shi ne zai fara jin ƙarar tifa in ta juye yashi da asuba. Haka nan masu gidaje su kaɗai ba za su iya ba, domin in mai hannu da shuni ya zo da takarda mai hatimi, kukan mutanen unguwa ba ya tsayar da shi sai suna da takardar da ta riga tasa. Ido yana wurin masu gidaje, hatimi yana wurin hukuma. In aka raba su, fili ya tafi.

Aiki na farko shi ne ƙidaya. Gwarzo tana da mazaɓu 10, Kabo ma 10. A kowace mazaɓa a kafa ƙaramin kwamiti mai ɗauke da kansila, da dagaci, da masu unguwanni, da limami, da shugaban makarantar firamare, da arɗon Fulani, da wakilan masu gidajen da suka yi iyaka da filayen, a kuma sa wakiliyar mata, tun da su da 'ya'yansu suka fi kowa bin hanyoyin rafi da rijiya. Kwamitin ya zaga da ƙafa a lokacin rani, ya rubuta kowane fili da sunansa da amfaninsa. Na biyu, safiyo ya auna a gaban jama'a da rana tsaka, a kafa duwatsun siminti, a dasa darbejiya a kan layin, kowane maƙwabci ya sa hannu cewa ga inda nasa ya tsaya. Wanda ya sa hannu yau zai ji kunyar matso da danga gobe.

Na uku, a yi kundin kofi uku: ɗaya a sakatariyar Ƙaramar Hukuma, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo ta Jiha, a kuma manna taswira a jikin masallacin Juma'a da kasuwa don kowa ya gani. Filin da ya faɗa cikin yankin da aka ayyana birni, Ƙaramar Hukuma ta nemi Gwamnatin Jiha ta ba shi takarda da sunan jama'ar garin. Mai son ba da nasa fili sadaka mai gudana, a taimake shi ya rubuta shi wakafi ta hannun Hukumar Zakka da Hubusi, don kada magada su tashe shi bayan ransa. Na huɗu, kada mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a kan cinikin gonar da za a yanka fulotai sai an fitar da hanyoyi, an kuma ware wani kaso, misali fuloti ɗaya cikin kowane goma, a haɗe wuri guda don amfanin unguwar da za ta tashi.

Irin wannan tsari ba mafarki ba ne. A Jamhuriyar Nijar, kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye waɗanda suka sauko har matakin ƙauye, inda hakimai da ma'aikata da manoma da makiyaya suke zama tare, kuma a jihar Maraɗi an shata burtuloli da dama da turakun siminti ta wannan hanya. Mutanen da suka yi haka Hausawa ne da Fulani masu irin noma da kiwon mutanen Gwarzo da Kabo.

Akwai sharaɗi guda da bai kamata a yi sassauci a kansa ba, watau filin ya zauna a buɗe ga kowa. Haɗin kan masu gidaje yana iya rikiɗewa ya zama mallaka: a kewaye fili, a sa ƙofa da kwaɗo, a ce na 'yan layinmu ne, a kori yaran wata unguwa da makiyayi da baƙo. Filin da aka kulle wa jama'a daidai yake da wanda aka gine. A rubuta a cikin yarjejeniyar cewa maƙwabta masu kula ne, ba masu mallaka ba. Ba su da ikon hana kowa shiga, ba su da ikon karɓar ko kwabo. Abin da ke kansu shi ne shara ta aikin gayya, da ban ruwan itatuwa, da kai rahoto. Abin da ke kan hukuma shi ne magudanar ruwa, da wurin zubar da shara don kada fili ya zama juji ko maɓoyar 'yan shaye-shaye, da kuma amsa ƙara cikin gaggawa.

Wasu za su ce iyali suna ƙaruwa, matasa suna neman wurin aure, ina dalilin barin fili yana zaune? Wasu kuma za su ce Ƙaramar Hukuma tana bukatar kuɗin hayar kantuna. Duka maganganun suna da ƙamshin gaskiya, amma lissafinsu gajere ne. Filin idi ko na makaranta in aka yanka shi, gidaje nawa zai ɗauka? Cikin shekara guda ya ƙare, matsalar muhalli tana nan, garin kuma ya rasa abin da ba zai iya saye ba har abada. Maganin ƙarancin muhalli shi ne sabon shiri na fulotai a bayan gari mai hanyoyi da magudanai. Shi kuwa mai gidan da ke bakin fili, shi ya fi kowa riba in aka bar shi, domin gidansa ya fi samun iska, ya fi tsira daga ambaliya, ya kuma fi daraja ran da za a yi masa kuɗi. Wanda ya riga ya ɗan shiga, a zauna da shi a sasanta tun abin bai yi nisa ba. Wanda ke da haƙƙi na gaskiya, a biya shi diyya ko a musanya masa.

Nauyi mafi girma yana kan ma'aikatan gwamnati. Ba a taɓa sayar da filin jama'a ba tare da wani ya sa hannu, wani ya buga hatimi, wani ya ɓatar da fayil ba. Shugabannin siyasa suna zuwa suna wucewa, amma sunan jami'in filaye yana nan a kan takarda, kuma shi za a nema ran da aka kafa kwamitin bincike. Ɗalibai su ma suna da rawar takawa. 'Yan asalin Gwarzo da Kabo da ke karatun labarin ƙasa ko safiyo ko tsara birane a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu za su iya ba da hutunsu guda wajen taimaka wa kwamitocin mazaɓunsu da awo da zanen taswira, su kuma zauna da dattawa su rubuta iyakokin da suka sani tun suna raye.

Majalisun Ƙananan Hukumomin biyu su sa wannan aiki cikin kasafin kuɗinsu na gaba, su fara da filayen idi, da na makarantu, da makabartu, waɗanda ba mai jayayya a kansu, sa'an nan su wuce zuwa kududdufai da burtuloli kafin damina ta sauka. Masu gidaje kuma kada su jira sai an kira su. Mutanen kowace unguwa su tashi su je wurin mai unguwarsu da kansilansu su nemi a zo a auna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙon amana.