Aljanu Mun Sani, Buhari Mun Manta

Jama'a, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, yau kuwa sai na faɗe shi. Ka tare yaro a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ka ce ya ba ka labarin 'yan ruwa da ke jan mutum a Gulbin Zamfara, ko na Doguwa mai zama cikin kuka, sai ya yi ta zuba har ka gaji. To, tambaye shi wa ya kafa Jega. Sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ba yaro kaɗai ba, har mai gemu.

Ga labarin, ga wanda bai sani ba. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, nan ƙasarmu. Cikin 1803 Yunfa Sarkin Gobir ya aiko da yaƙi, aka ci garin, aka kora mutane a ɗaure. Da aka biyo da su ta Degel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka sa Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello, aka ci garinsa Kware, ya rasu cikin 1818. Ɗansa Buhari shi ne ya komo wannan ƙasa ya kafa Jega wajen 1820, ƙarƙashin Gwandu. Kasuwarta ta bunƙasa, har fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suka mai da ita mazauni. Watau wutar jihadi kusa da ƙofarmu ta fara kamawa, mu kuwa ba mu sani ba!

Amma ba masu labarin aljanu nake zargi ba. Zargina yana kan waɗansu da suka ɗan taɓa karatu, suka ɗauka wayewar kai ita ce rena abin da suka tarar. Sa'ad da nake yaro akwai wata tsohuwar kuka kusa da mashigi, wadda iyayenmu mata kan hana mu zuwa gindinta da tsakar rana ko da almuru, wai tana da masu ita. Wata shekara aka sare ta, aka ce camfi ne, kuma tana tare hanya. Ni ma na yi makarantar allo, na san ba mai cuta ba mai magani sai Allah. Amma wani tsoho ya gaya mini a nan ayari kan sauke kaya su jira ruwa ya janye, shi kuwa daga kakansa ya ji. Ashe ba gidan aljanu suka sare ba, shaidar zango ce. Har tsoron nan da ake ba mu, ku duba amfaninsa. Yaro nawa ya hana faɗawa gurbi mai zurfi da damina, lokacin da gulbi ya kawo? Wanda ya sare kukar bai kafa ko kara ba a madadinta.

Wani zai ce, ina ruwan mai noman albasa a Aliero da Gimbana, tarihi zai cika masa buhu? Ba zai cika ba. Amma ran da aka yi gardamar gona ko ta sarauta, wa ake nema? Tsohon da ya san inda iyaka take da wanda ya fara sare dajin. Na ga an tashi shari'a ba a gama ba domin mai sanin ya riga mu gidan gaskiya.

Ku da kuka fita daga duhun jahilci, yanzu alƙalami na hannunku. Tun 2006 akwai jami'a a Aliero, amma malamanta ba su san kakarka ba, kai ka san ta. Je ka zauna wurinta da littafi, ka rubuta abin da ta ce, na aljanu da na mutane duka, ka sa sunanta da ranar da ta faɗa. Kada ka gyara mata magana. Tsohon nan da ya ba ni labarin kuka, sau uku ina cewa gobe zan koma da takarda, har ran da na ji ana shelar jana'izarsa.