Daga Lokeshin: In Allon Kyamara Ya Ɗauke

Mai ɗaukar fim a fadamun Guri, ƙasar Haɗeja, ya kwana da sanin wannan: darakta zai ce "akshin", sai allon kyamara marar madubi ya yi baƙi ƙirin, ga rana na faɗuwa, ga kuɗin haya na tafiya!

Yawanci lafiyarta ƙalau. Daf da wurin leƙawa akwai 'yar na'ura mai kashe allo da zarar fuska ta matso. In ƙurar hunturu ko gumi ya rufe ta, sai ta zaci ido ne.

A cire robar, a goge da busasshiyar auduga. In ta ƙi, a saita allo kaɗai. A Sony, FINDER/MONITOR ake nema. A gwada tukuna kafin a kwasa sai Kano wajen mai gyara.